Sunan da Na Samo wa Ɓeran Masar

Jiya wasu samari suka tsaya a ƙofar gidana, kowa da waya a hannu, wai sun gani a ciki cewa kiwon ɓeran Masar ba wuya. Ka sayi mace da namiji, ka watsa musu ciyawa, ka koma ka miƙe ƙafa, su yi ta haihuwa har su kore ka daga ɗaki. Na ce to madalla, ashe ni ne sakarai da na tsufa da lauje a hannu. Ɗaya ma har yana tambayata, "Baba Kebi, wai daga Birnin Kebbi ka zo ne?" Ban taɓa taka garin ba, yaro. Sunana Tanko, a nan aka binne cibiyata, tsakanin Bagwai da Kunci. Wancan sunan kuwa da keke na je na ɗauko shi, kuma sai da na kusa rasa sana'ata kafin ya zauna. Ku sauke wayoyin nan ku ji.

Aikin farko da aka sa ni a sana'ar nan, Gwaggo Tabawa ce ta sa ni, ƙanwar babana. Ita ce mai ɓerayen, a madafinta suke, suna shawagi tsakanin tukwane kamar su suka gina gidan. Ta ce, "Tanko, kamo mini wancan jan ta wutsiya." Na duƙa. Na bi shi bayan murhu, na bi shi ƙarƙashin turmi, na shafa nan na shafa can, toka ta cika mini hanci. Har hantsi ina neman wutsiya. Ita kuwa tana zaune tana tsince wake, ko murmushi babu. Da na gaji na ce, "Gwaggo, wannan an yanke masa." Ta ce, "Duba sauran, ka gaya mini wanda ba a yanke wa ba." Ranar na san ɓeran Masar ba shi da wutsiya, na kuma san Gwaggo ba ta koyarwa da baki.

Sai yankan ciyawa. Ku kuna ganin ciyawa duk ciyawa ce. Na tafi da sassafe na yanko mai laushi, shar da ita, raɓa na ɗiga, ina tafe ina jiran yabo. Kafin in zuba, Gwaggo ta make mini hannu da muciya. Ciyawa mai raɓa kumbura musu ciki take, kafin azahar ka ga dabba ta zama kamar ganga ta mimmiƙe. Sai ka baza ta a inuwa ta sha iska tukuna. Ba a ɗaga mai ciki ta tsakiya, sai ka tallafe ta da hannu biyu kamar ƙwaryar nono. Ba a haɗa manyan maza biyu wuri ɗaya in akwai mace, sai dai in kunne ɗaya-ɗaya kake so su rage da shi. Kuma ko dusa ta kai tudu a gabansu, in ba ɗanyen ganye, ƙafafunsu sanƙarewa suke yi su mutu suna kallonka. Wannan wayarku ta faɗa muku?

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Lauje. Akurkin ƙasa mai ƙaramar ƙofa, wadda mage ba za ta iya cusa kai ba. Fasasshen tulu a kife, don in ba su da wurin ɓuya tsoro kaɗai ya isa ya kashe su. Toka a zagaye, saboda kwarkwasa, waɗanda in suka shigo ba sa barin komai sai ƙashi. Sai kwandon kasuwa da buhun algarara da kake jiƙawa ka rufa a kai, don dabbar nan da zafi ba sa shiri ko kaɗan. Na sha tafiya kasuwa ina jin ƙishi kamar in lashi ƙasa, ruwan gorata kuwa buhu nake shayarwa.

Masu saye kuwa, kar ku ɗauka yara ne kawai. Yara suna zuwa, da 'yan canjin sallarsu. Mutanen unguwar su Malam Yohanna, Kiristocin da ke gabas da mu, su don miya suke saye. Amma manyan masu sayena manoma ne. A ƙasar nan gona tana manne da gona, gida yana manne da gida, ɓeran da ya ƙoshi a rumbun maƙwabcinka a naka yake yin kalaci. To tun kakanni an san cewa in ka ajiye ɓeran Masar a ƙarƙashin rumbu, kukansa yana hana ɓeran gida sakat har ya tattara ya bar wurin. Ko gaskiya ne, ku je ku tambayi ɓeran gida. Ni dai ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ƙarya na yi masa. Ga kuma kashinsu, wanda in ka tara ka kai gona, albasa sai ta yi kan jariri. Ni kuma ina ƙara gishiri a kasuwa. "A zo a ga ɗan Masar! Kakansa ne ya yi gadin rumbun Fir'auna, bai bar ko ƙwaya ta ɓata ba!"

Sai shekarun nan suka zo da ruwa ya ɗauke. Ku ba a haife ku ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Ana layin sabulu, ana layin gishiri, har layi ake yi don a tambayi layin mene ne. Ciyawa ta ɓace, awaki suna cin tsumma. Ni kullum ina kan keke zuwa bakin dam wajen masu lambu, in roƙi ganyen kabeji da na karas da suka zubar, in dawo duwawuna kamar an yi mini sakiya. Gwaggo ta riga ta rasu, ɓerayenta suna hannuna, jinin waɗanda na fara bi a bayan murhu. Amma abin mamaki, a wannan shekarar ce kasuwata ta buɗe. Wanda ya samu ɗan damin da bai kai ya kawo ba, ba zai yarda ɓera ya raba da shi ba. Kowa yana neman mai gadi.

A layin da nake zama ran kasuwa, maƙwabcina Alhaji Sabo ne mai kaji. A shekarar ciwo ya shiga kaji, sai ka ga zakara yana cara ya faɗi bai ƙarasa ba. Kejinsa wayam, gabana kuwa cincirindo. Yana kallo yana taunar goro kamar goron ne ya yi masa laifi.

Rannan wani malamin firamare, baƙo ne a garin, ya tsaya yana wasa da wani fari mai baƙin kunne. Bawan Allah bai zo da sharri ba. Sabo ne ya ce masa, "Malam, wai wannan abin me Turawa ke ce masa?"

Ya ce, "Ginifik."

"Fik? Mene ne fik?"

Malamin ya fara sosa ƙeya. "To, suna ne kawai, Alhaji."

"Na ji suna ne. Me yake nufi?"

"Alade."

Wallahi kafin malamin nan ya kai bakin titi, maganar ta riga shi isa. Kafin la'asar an ce Turawa sun tabbatar ɗan alade ne. Kafin magariba an ce ni na sani tun tuni, wai daga Kudu ake aiko mini da su a cikin akwati.

Kwanakin da suka biyo baya, sai dai in ji tim a tsakar gida: an jefo mini buhu ta kan katanga, ɓerayen da na sayar ne aka dawo da su. Mai tuwon kasuwa ta ce in riƙa zuwa da kwanona. Mai shayi ya ware mini kofi, ya ɗaura masa zare. Magidanta suna tsayawa a dandali suna faɗa da ƙarfi, don a ji, cewa ɓeran Masar ba zai ƙara kwana a gidansu ba. Sai Sarkin Kasuwa ya aiko a kira ni. Ya ce, "Tanko, ba na son fitina. Kasuwa mai zuwa, ko ka kawo hujja a gaban Liman, ko ka kwashe kayanka, kar in ƙara ganinka da kwando." Wani dattijo ya ja ni gefe, wai in zuba su a kududdufi in huta, in kama sayar da rake. Na ce, "Baba, kududdufin ma ya ƙafe. Kuma ko da ruwa a ciki, sai dai a jefa mu tare."

Na rasa wanda zan tambaya. Malamin firamaren ya ɓuya, ko a masallaci ba a ganinsa. Sai na tuna Malam Yohanna. Tsoho ne, ya yi shekaru yana aiki da likitocin dabbobi can wajen Jos kafin ya dawo gida ya kama noma, kuma yana sayen kaya a wurina. Na sa wata macen ɓera mai ruwan ƙasa a aljihun riga, na hau keke.

Na same shi a gindin ɗorawa yana gyaran fartanya. Ya ce, "A'a, Tanko mai aladu! Labarinka ya iso tun shekaranjiya."

Na ce, "Malam, ba wasa ya kawo ni ba. Gaskiya ne haka Turawa ke ce masa?"

"Gaskiya ne."

"To su Turawan makafi ne?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai sunan 'yan kasuwa ne da yara, wai don yana da ƙiba, ba wuya, ga tsuwa. Amma likitocin da ya yi wa aiki, in sun zauna maganar ilimi, wani suna suke kiransa da shi, wanda ko a cikin Turawan ba kowa ya san shi ba. A rubuce wai cavy ne, jikata ta nuna mini a waya kwanan baya. Yohanna ya faɗa, na ce, "Kebi."

Ya ce, "A'a, ciji leɓenka na ƙasa, sannan ka saki."

Na ciza. "Kebi."

"Ciza sosai."

Na ciza har na ji gishirin jini. Na ce, "Malam, in sai na cinye leɓena zan faɗe shi, a bar shi a kebi."

Sannan ya ba ni labarin da ya fi sunan girgiza ni. Wai asalinsu daga Kudancin Amurka ne, can kan wasu duwatsu masu sanyi, inda mutanen wurin ke kiwonsu a madafi, kamar dai Gwaggo. Shi ya sa ba sa jure zafi. Danginsu su kurege ne da beguwa, masu haƙoran gaba, ba abin da ya haɗa su da alade.

Na ce, "Masar fa?"

"Ko hanyar ba su sani ba."

"Rumbun Fir'auna fa?"

"Wannan kai ka gina shi, Tanko."

Na roƙe shi ya zo kasuwa ya yi bayani. Ya girgiza kai. Ya ce, "In na zo, cewa za su yi ga mutumin unguwar masu alade ya zo kare nasa. Na ƙara maka wuta ke nan. Amma taso, ɗan ƙanena yana da su a bayan gari, ka ga alade da idonka, ka san bambancin."

Har na miƙe. Sai na koma na zauna. Na ce, "Malam, tsaya. Ni da nake yawo ƙauye-ƙauye ban taɓa ganin alade ba sai yau da za ka nuna mini. To Sabo, da bai san ko'ina ba sai kejinsa da filin jirgin alhazai, a ina ya gani?"

Yohanna ya dube ni, ya ajiye fartanya.

Na ce, "Bar mini jahilcina. Ina da aiki da shi."

Duk hanyar dawowa ina taka keke ina "kebi, kebi, kebi," don kar ya zube a hanya. Wata mata mai itace ta kauce cikin gona, ta ɗauka aljanu ne suka hau ni.

Ran kasuwa aka taru a gindin tsamiya. Ban taɓa ganin taro haka ba, har masu awon hatsi sun bar mudu. Liman yana zaune a kan buzu, Sarkin Kasuwa a gefensa, Sabo a tsaye ya sha babbar riga kamar shi za a naɗa. Na ajiye kwando, na yaye buhu, na gyara murya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, na je na binciko. Sunan da aka faɗa na 'yan tasha ne. Sunansa na manyan likitoci, kebi. Daga Amurka ta Kudu yake."

Sai wani daga baya ya ce, "Jiya ɗan Masar, yau ɗan Amurka! Gobe kuma daga wata zai sauko!" Aka kwashe da dariya. Liman ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tanko, Bature ya ce kaza, wani Baturen ya ce kaza. Mu ba da Turanci muke hukunci ba. Kana da wani abu?"

Kun ji. Sunan da na sha rana na ɗauko, ko minti bai yi a tsaye ba. Sabo har ya fara gyara hula.

Na ce, "Ba ni da komai, Malam. Ni jahili ne, ban taɓa ganin alade ba, ban san kamarsa ba. Amma alhamdu lillahi muna da masani. Alhaji Sabo, taimaka mana. Ƙafar alade yaya take?"

Ya ce, "Ina ruwana da ƙafarsa?"

"To hancinsa? Irin wannan ne?"

"Kai, kar ka raina mini hankali! Kowa ya ji kukan abin nan ya san kukan alade ne sak!"

Na dafe ƙirji. "Sak? Alhaji, ashe har muryarsa ka sani? A ina kuke haɗuwa? Shi yake zuwa wurinka, ko kai kake zuwa?"

Kasuwa ta ɗauka. Mai tuwo ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Sabo ya yi tsalle, rigar tana kaɗawa. "Wallahi tallahi ban taɓa ganin alade ba! Ban taɓa jin kukansa ba! Ko a mafarki!"

Na juya ga jama'a. "To kun ji. Akwai wani a nan da ya san shi, ya fito ya yi shaida?"

Kowa ya kama kallon takalminsa. Waɗanda suka yi mako suna rantsuwa cewa kamarsu ɗaya, babu wanda ya yi ko tari.

Liman ya ce in miƙo masa ɗaya. Ya karɓa, ya juya ta, ya duba 'yan yatsunta, ya ɗaga leɓenta ya ga haƙora, ya ba ta ganye ta karɓa tana ci a tafin hannunsa. Har ya shafa bayanta yana neman wutsiya, na ce a raina, Allah ya jiƙan Gwaggo. Ya ce, "Abin da littafi ya siffanta mai kofato ne, mai dogon hanci. Wannan farce gare ta, bakinta na zomo. Ba shi ba ne. Maganar ci kuma wani zama ne daban, mai tambaya ya same ni a zaure."

Kar ku ɗauka an ɗauke ni a kafaɗa. Sarkin Kasuwa ba zai bar Alhaji guda ya sha kunya kyauta ba. Ya ce don a zauna lafiya in bar layin kaji, in koma can ƙarshen kasuwa wajen masu harawa, inda ba mai zuwa sai jakai. Sabo kuma ya ɗaga murya ya ce ko Liman ya wanke shi, ɓeran Masar ba zai taka gidansa ba har ya mutu. Na ɗauki kwandona na tafi ina fito. Wajen masu harawa, abin da ya zube a ƙasa, in na haɗa da ɗan ganyen lambu, ya ishi dabbobina, ga inuwa. Sun kore ni zuwa cikin abinci.

Sai dai kasuwa biyu, uku, ba mai saye. Mutane sun san ba alade ba ne, amma sun riga sun faɗa a dandali, da bakinsu, a gaban surukansu, cewa ɓeran Masar ya bar gidansu. Magidanci ba ya son a ce ya lashe maganarsa. Ɓeran gida kuwa bai yi wa kowa alkawari ba, yana ta aikinsa a rumbu.

Rannan wani manomi ya zo yana taya harawar da ba saye zai yi ba. Ya matso, yana kallon wani wuri, ya ce, "Tanko, wannan na Amurkan, me ka ce sunansa?"

Na ce, "Kebi."

"Ba ɓeran Masar ba ne dai ko?"

Na dube shi, na dubi kwandon. Jikokin na Gwaggo ne, wasu ma daga gidansa aka jefo mini su. Na ce, "Ɓeran Masar ai ya ƙare, Malam. Yanzu sai kebi."

Ya ce, "To ba ni biyu."

Shi ke nan. Kafin kaka kowa kebi yake saye. Ba wanda ya karya maganarsa, ba rumbun da ya kwana ba mai gadi. Mai shayi ma ya kwance zaren kofi.

Sabo ne ya fi kowa daɗewa. Sai da ɓeraye suka cinye masa irin da ya ɓoye don shuka, suka shiga buhun dusar kajin da ya sake tarawa. Wata ranar kasuwa da rana tsaka, lokacin da mutane suka tafi salla, sai ga babbar riga a layin jakai.

Ya ce, "Tanko."

"Alhaji! Harawa za a saya? Ko kai za ka ci?"

"Bar shiririta. Wannan abin nake so."

"Wane abu? Abubuwa da yawa a duniya."

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya ce a hankali, "Kebi."

"Alhaji, tun shekarar fari kunnena ya toshe."

"Kebi biyu, mace da namiji!" Har jakin da ke kusa ya ɗaga kai.

Na zaɓo masa waɗanda suka fi kowa tsuwa a kwandon, irin waɗanda in sun ji motsin ganye sai unguwa ta tashi. Na ce, "Ga su. In sun yi kuka, ka saurara da kyau, ka zo ka gaya mini kukan me ya yi kama da shi."

Bai ba ni amsa ba har ya koma ga Allah, amma jikokinsa har yau a wurina suke saye.

To ku masu waya, ga lauje can a jingine. Wanda yake son sana'ar ya ɗauka ya nufi fadama. In ya dawo mini da mai raɓa, muciyar Gwaggo tana nan, ban yar ba. Kai kuma mai tambayar Birnin Kebbi, zo nan. Buɗe akurkin can, ka kamo mini wancan jan ta wutsiya.